Ɗigon da Ya Tsaya a Gida

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya kaɗaici? Mu nan sai godiya. Kunnena na hagu yana nan yadda kika sani, shi ya sa na koma rubutu, don a waya sai ki yi ta magana ina ta cewa "na'am?" har ki gaji ki ce za ki shiga taro. Zan riƙa rubutawa a littafina na ajin manya in ɗauki hoto in turo. Idan kin ga harafi ya karkace, ki tuna sai da uwarki ta haura hamsin ta riƙe biro.

Mura ta kwantar da babanku tun Juma'a, ko ƙofar gida bai leƙa ba. Mantuwar tana nan. Wata rana ya san ni, wata rana ya ce min baiwar Allah. Kafin murar, kullum ƙarfe takwas zai sa takalmi ya ce ya tafi aiki, wato gidan ruwan da ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injina. Sai in sa masa wayarsa a aljihu, in zauna da tawa ina kallon ɗigon nan shuɗi mai nuna inda wayarsa take, a shafin da kika haɗa mana. Ina ganinsa ya gangara layinmu, ya karya kwana wajen kantin magani, ya tsaya a bakin get. Maigadin wurin ya san shi, yana ba shi benci. Kafin azahar ɗigon ya dawo, sai in ji sallama. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki ya kawo kwaɗo sabo fil, wai a riƙa kulle gida. Na ce masa mutumin da ya gina gidan nan ba za a kulle shi a ciki kamar akuya ba. Na jefa kwaɗon a durowa.

Sai wani abu. Ranar Asabar na ɗauki wayar babanku zan sa ta caji, sai ga rubutu a fuskarta: "Wannan shafi yana son sanin inda kake. Ka yarda?" Na bi shi da yatsa sau biyu, ban nemi kowa ya karanta min ba. Na tuna kin ce duk abin da ya fito a waya yana neman izini, in ce a'a, don 'yan damfara ne. Sai na danna A'a. Na yi daidai ko? Ɗigon dai yana nan a gida, kamar mai shi.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da kika turo duk ƙashin wuya ne.

Innarki

Laraba

Inna,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya ƙalau, kuma ina cin abinci, wuyan nan gadonsa na yi daga wurinki. A yi wa Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa ba shi ruwan ɗumi.

Ki yi haƙuri da gajeren rubutu. Satin da ya wuce muka fitar da sabuwar burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin wadda ke cikin wayoyinku. Sashena ne ke kula da yadda take gaya wa shafuka inda mutum yake, kuma tun Asabar ƙorafi ke shigowa kamar ruwan sama. Akwai wani abokin aikina da muke kira Sarkin Batir, da za a bar shi da waya ba ta yin komai sai nuna agogo, don kada caji ya ƙare. Ni da shi kullum sai an raba.

Zancen danna a'a, kin yi daidai. Ki ci gaba da haka. Rubutunki kuma ya fi na likitoci kyau nesa ba kusa ba.

Ki ce wa Yaya ya mayar da kwaɗonsa shago.

Autarki

Asabar

Auta,

Ina gaisuwa. Babanku yana raye. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ranar Alhamis na tafi asibiti karɓar maganinsa. Na bar shi yana barci, wayar tana aljihun rigarsa. Layi ya yi tsawo, har azahar ban kai taga ba, amma hankalina kwance, don duk bayan ɗan lokaci ina duba ɗigon, yana gida. Har na nuna wa matar da ke gabana, ina yi mata alfahari. Na ce kin ga mijina nan, 'yata ce ta haɗa.

Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, gado babu kowa. Na duba bayi, na duba bayan tanki, har ƙarƙashin gado na leƙa kamar mahaukaciya, saboda wayar da ke hannuna ta nace yana gida. Auta, na tsaya a tsakar ɗaki, a daidai inda ɗigon yake, ina kiran mutum babu amsa.

Na tafi gidan ruwa da gudu. Maigadi ya ce bai gan shi ba. Ashe an tone titin wajen kantin magani ana sa bututu, an gitta katako. Da ya zo ya ga hanyarsa a rufe, sai ya bi wata, shi ke nan. Na kira wayarsa ya fi sau ashirin, kin san ba ya ɗauka. Yayanki ya rufe shago, maƙwabta suka bazu. Sai bayan la'asar wani direban babbar mota ya ji aljihun wani tsoho yana ta ƙara a gefen gada, ya ciro ya amsa. Ya ce, "Hajiya, naki ne wannan dattijon? Tun ɗazu yake tambayar mutane ko an canza masu aikin safe."

Gadar nan motoci ba sa rage gudu a kanta. Takalmi ɗaya muka same shi da shi. Kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, an yi masa ɗinki huɗu. Da ya gan ni sai ya ce, "Kin daɗe."

Yayanki ya buɗe durowa ya ɗauki kwaɗon ya sa a get ɗin gida, ya miƙo min makulli ɗaya. Na karɓa.

Har yanzu da nake rubutun nan ɗigon yana gida. Da muna asibiti wajen ɗinki ma yana gida. Ki gaya min, me ya sa ya yi min ƙarya? Da babu shi gaba ɗaya, da ban bar babanku shi kaɗai ba.

Innarki

Talata

Auta,

Ina gaisuwa. Kwana uku ke nan. Na ga alamar kin buɗe hoton. Kin kira sau biyu ina jin muryarki kamar daga cikin rijiya, ban fahimci komai ba sai kuka. Ki rubuto.

Ƙafar tana warkewa. Jiya da yau ya ɗingisa har get ƙarfe takwas, ya kama kwaɗon yana jujjuyawa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juyo ya ce min cikin ladabi, "Baiwar Allah, ko kin san mai makullin nan? Zan makara." Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Na ce ban sani ba. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba.

Ya ƙi karyawa. Yana zaune a kan bulo yana kallon ƙofa.

Innarki

Laraba

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Na rubuta wasiƙar nan sau uku ina gogewa. Laifina ne, kuma ba guda ɗaya ba.

Wasiƙarki ta Litinin a tsaye na karanta ta, a bakin ɗakin taro. Na ga "na danna A'a", na ɗauka wani shafin talla ne a wayarki. Kin rubuta ƙarara cewa wayar Baba ce. Ni ce ban karanta ba. Ba 'yan damfara ba ne suka yi tambayar, shafinmu ne. Da kika ce a'a, burauza ta daina gaya masa inda Baba yake, shi kuma ya ci gaba da nuna miki wuri na ƙarshe da ya sani. Da na haɗa shafin ban sa masa lokaci ba. Na gyara jiya: idan labari ya wuce minti goma, ɗigon zai koma ruwan toka, ya rubuta tun yaushe.

Saura mai wuyar faɗa. Tambayar da kika gani, ni na kawo ta.

A da, idan mutum ya ce i sau ɗaya, shi ke nan har abada. Bara wata mata ta rubuto mana. Mijin da suka rabu ya taɓa karɓar wayarta na minti ɗaya, ya buɗe wani shafi, ya danna i. Ta canza gida sau uku, duk inda ta koma sai ta gan shi a bakin layi cikin mota. Shekara biyu tana zargin 'yan uwanta da kai masa rahoto. Ba ita kaɗai ba ce, Inna, wasiƙu irin nata sun cika akwati.

Mun yi wata huɗu muna jayayya. 'Yan sashen taswira suka ce a bar shi yadda yake, mutane ba sa son damu. Sarkin Batir ya ce a rage yawan dubawa kawai, ko ba komai caji ya huta. Wani ya ce a riƙa tambaya duk bayan awa, muka ce mutane za su gaji su riƙa danna i ido rufe. Wata ta ce a nuna unguwa kawai ban da gida, amma unguwa ta ishi mai farauta, ba ta kuma ishi mai neman ɓatacce ba. Kowace hanya akwai wanda za ta cuta. A ƙarshe aka ɗauki tawa: shafin da ke son bin mutum duk inda ya je, sai ya sake neman izini kowace safiya. I na kwana ɗaya ne. A'a kuwa ana riƙe ta, ba a sake tambaya, don kada shafi ya yi ta naci har mutum ya gaji ya yarda.

Ranar da aka amince har tafi aka yi min. Ko sau ɗaya ban tuna da wayar da ke aljihun Baba ba.

Na zana miki a ƙasa wurare uku da za ki taɓa don goge a'ar. Daga nan, kowace safiya ki danna I kafin ya fita.

Ki yafe min.

Autarki

Juma'a

Auta,

Ina gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, cin abinci ne babu.

Na bi zanenki, ɗigon ya farfaɗo. Na nuna wa yayanki. Ya ce, "Inna, ranar da kika manta fa? Ranar da kika kwana asibiti fa? Ranar da ya riga ki tashi?" Ya ce kwaɗo ba ya neman izini kowace safiya.

To ke da kika ƙera abin, ba ki da makullinsa? Ki buɗe wa ubanki 'yar ƙofa, shi kaɗai. Ki gaya wa masu tafin naku akwai tsoho ɗaya da ba ya gudun kowa, ɓata yake yi. Ina tausayin matar nan, Allah ya sani. Amma ba ki taɓa ganin fuskarta ba. Wannan kuwa shi ya ɗora ki a wuya ya kai ki ganin injina, har kika ce ke ma injiniya za ki zama.

Yafiya na yafe tun kafin ki roƙa. Ba ita nake nema ba. So nake in cire kwaɗon nan kafin ya daina zuwa get ɗin. Yau bai je ba sai ƙarfe tara, kuma bai tambayi makulli ba.

Innarki

Talata

Inna,

Ina gaisuwa, ina gaida Baba. Ban yi shiru don fushi ba, jira na yi a zauna taro.

Na kai maganar jiya. Na ba su labarin gada da takalmi ɗaya. Sarkin Batir, da ban taɓa ganin ya goyi bayana ba, shi ya fara cewa a yi wa masu jinya hanya ta daban. Sai shugabar sashenmu ta tambaye ni: ta yaya burauza za ta bambance matar da ke kula da mijinta da mijin da ke farautar matarsa? Dukansu wayar wani ce a hannunsu. Dukansu za su danna "ni mai kula ne". Duk ƙofar da na yanka wa Baba, mutumin nan mai mota zai shige ta kafin sati. An ce za a ci gaba da nazari, wato watanni.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Akwai wasu manhajoji, ba namu ba, da ake sa wa a waya su yi ta kai rahoto ba tare da sun tambayi kowa ba, ko alama ba sa nunawa. Irinsu nake yaƙa a wurin aiki. Idan kin ce in turo, zan turo wa Yaya ya saka a wayar Baba yau ɗin nan, kuma ba zan ga laifinki ba. Ke ce a gidan. Ke ke ganinsa a kan bulo.

Na nemi hutu, sun ba ni ƙarshen wata.

Autarki

Alhamis ta sama

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. An cire wa babanku zare, yana taka ƙafar sosai. Ni ma lafiya, sai faɗuwar gaba da ta zama abokiyar zama.

Na daɗe ban ba ki amsa ba don ina ta juya maganar. Na ɗauki biro sau biyu zan ce ki turo. Abin da ya tsayar da ni, na sake karanta tambayar nan a wayarsa da safe, a hankali yadda malamarmu ta koya mana. "Ka yarda?" Ba ni ake tambaya ba. Tun farko ma da kika haɗa shafin, ni da ke muka yanke, shi yana zaune yana shan shayi.

Ranar Asabar na cire kwaɗon. Yayanki ya yi ta faɗa har jijiyar wuya, ya ce duk abin da ya faru babu ruwansa. Na ce na ji. Na zauna kusa da babanku na ce, "Malam, wayarka tana tambaya, ka yarda in san inda kake?" Ya dube ni ya ce, "Shekara nawa kina bin diddigina, yau ne za ki nemi izini?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce to. Na kama yatsansa muka danna tare. Na raka shi sabuwar hanya ta bayan makaranta, na dawo na zauna ina kallon ɗigo har ya yi sallama. Ranar ya cinye abincinsa tas.

Haka muka yi kwana biyar. Wata rana ya ce to, wata rana ya ce, "Wace ce ke?" in ce matarka, ya ce, "To ai dole."

Yau da safe idonsa garau yake, irin ranakun da yake sanin komai. Na karanta masa. Sai ya ce, "Na san abin da ke damuna, ba sai an gaya min ba. Amma yau ɗaya, a'a. Ki bar ni in je in dawo kamar kowa."

Auta, wayar tana hannuna. Ba ya ganin rubutun ba tabarau. Da na danna I, har abada ba zai sani ba. Na ga gadar nan a idona, na ji ƙarar motoci. Na kai yatsana tsakanin kalmomi biyun da na fi kowa sanin yadda ake rubuta su.

Na danna A'a. Na sa masa ita a aljihu.

Yana fita na zari mayafi. Na bar masa tazara mai yawa, ina laɓewa a bayan motocin da aka ajiye kamar ɓarauniya, tsofai-tsofai da ni. Mai kantin magani yana kallona yana dariya. Ban sani ba ko wannan ma cin amana ne, ke da kuke zama taro kya gaya min. Ni dai iyakar abin da zan iya ke nan.

Kada ki turo wancan abin tukuna. Ban ce har abada ba. Idan ranakun garau suka ƙare, zan rubuto, kuma kada ki yi min wa'azi a ranar. Gobe zan bi zanenki in goge a'ar, in sake tambayarsa.

Babanku ya manta hanyar bayan makaranta. Ya miƙe har inda aka gitta katako, ya tsaya, ya dubi dama ya dubi hagu. Ya daɗe a tsaye. Ni kuma ina bayan wata motar ɗaukar kaya na toshe baki da mayafi, na rantse ba zan kira shi ba sai ya taka hanyar gada. Bai taka ba. Bai ko waiwayo ba, sai na ji ya ɗaga murya yadda kunnena zai ji:

"To, tunda kin riga kin zo, ta ina ne?"

Innarki